Jirgi Daga Ƙasa Yake Fara Tashi

(Jawabin da aka gabatar a babban taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai)



Kwamitin shirya taro ya ba ni minti ashirin in yi bayani a kan ɗan jirgin nan da ke kan tebur a gabanku, wanda wannan ƙungiya ta saya wa Kulob ɗin Kimiyya bara. Na san da yawanku sun ji labarin cewa jirgin ya ƙi tashi. Na kuma san an kai shawara iri biyu gaban kwamitin kuɗi. Wasu sun ce a sayo masa injin da ya fi wannan ƙarfi, wasu kuwa sun ce asara an riga an yi ta, a daina zuba kuɗi a kan kayan wasan yara. Tun da yake yau za a yanke hukunci a kan kason kulob ɗin, ya kamata kowa ya san abin da ya sami jirgin kafin ya ɗaga hannu. A taƙaice dai, injinsa lafiya lau yake, fikafikansa ma haka. Ƙafafunsa ne suka karkace, kuma kayan da suka gyara su ba su wuce zare da rula da alli da magagari da ɗan gam ba.

Bari in fara da masu cewa abin wasa ne. Gaskiyarsu. Amma a shekarar 1878 wani uba a Amurka ya kawo wa 'ya'yansa biyu, Wilbur da Orville Wright, tsarabar wani ɗan abin wasa mai farfela da roba ke juyawa, wanda in an sake shi yakan yi sama. Suka yi ta wasa da shi har ya lalace, sa'an nan suka shiga ƙera nasu. Bayan shekara 25, wato ran 17 ga Disamba 1903, su ne suka tashi da jirginsu mai inji, tafiyar daƙiƙa 12, nisan mita 37. Abin mamaki, sana'arsu ƙera kekuna ce da gyaransu, amma jirgin nan nasu ba shi da tayoyin sauka. A kan layin katako ya yi gudu ya tashi, ya sauka a kan rairayi bisa wasu dogayen sanduna.

Ba a daɗe ba tayoyi suka zama dole. Jiragen nan uku na sojan saman Ingila, samfurin DH.9A, waɗanda suka taso daga Helwan ta ƙasar Masar suka sauka Kano ran 1 ga Nuwamba 1925, kowannensu tayoyi biyu gare shi a gaba, da ɗan madogari a ƙarƙashin jela wanda ke jan ƙasa. Namu jirgin irin wannan tsayuwa gare shi, sai dai shi ƙaramar taya ce a jelarsa. Kwaikwayo ne na wani jirgin gaske mai suna Piper J-3 Cub, wanda aka fara ƙerawa a Amurka a 1938. Faɗin fikafikan na gaske mita 10.7 ne. Namu an rage shi zuwa kashi ɗaya bisa shida, saboda haka faɗinsa ya kusa mita 1.8. To, ga abin da masu raina ƙaramin jirgi ba su lura da shi ba: tun da kowane tsawo an raba shi shida, kuskuren milimita 3 a ƙafar wannan daidai yake da kuskuren milimita 18 a ƙafar na gaske. A shekarun da na yi ina aikin kula da jirage, ban taɓa ganin injiniyan da zai sa hannu a takarda ya ce jirgi mai irin wannan karkata ya tashi ba.

Yanzu me ya sa ƙaramar karkata ke zama babbar matsala ga jirgi mai tayoyi biyu a gaba? Ku tuna da kibiya. Ƙarfe a gaba, kara a baya, sai ta tafi sak. In ka jefa ta da gindi kuwa, kafin ta kai ko'ina ta juya, domin nauyi shi ke son wucewa gaba. A wannan jirgi cibiyar nauyi tana bayan manyan tayoyi. Tayoyin sun kama ƙasa, nauyin yana turowa daga baya. Muddin komai na kan layi ɗaya ba wata damuwa, amma da zarar hanci ya ɗan kauce, sai nauyin ya yi ta ingiza jela waje, kaucewar ta yi ta ƙaruwa da kanta, har jirgin ya yi katantanwa a wuri guda, wani lokaci bakin fiffike ya daki ƙasa. Abin da ɗalibanmu suka yi ta gani ke nan a filin ƙwallo: da an ba shi wuta sai ya yi hagu, ya kewaya, ya tsaya yana kallon inda ya fito. Da an sa masa injin da ya fi ƙarfi, da katantanwar ce za ta ƙara sauri, kuma da yanzu guntayensa nake nuna muku.

Akwai ɗaya tsarin, na taya ɗaya a hanci da biyu a baya, tamkar adaidaita sahu. Irinsa ne da Air Beetle, jirgin koyon tuƙi da aka harhaɗa wa Rundunar Sojan Sama ta Nijeriya a Kaduna. A nan cibiyar nauyi tana gaban manyan tayoyi, don haka in jirgin ya ɗan kauce yakan nemi miƙewa da kansa. Wannan shi ya sa jiragen fasinja na zamani suke kan wannan tsari. Amma shi ma in ƙafarsa ta karkace ba zai bi layi ba, kuma awon da zan bayyana yanzu ya shafe su duka biyu.

Aikin mun yi shi ne da ɗalibai huɗu 'yan ajin da mu a zamaninmu muke kira aji biyar, tare da malaminsu na kimiyya, a Asabar biyu. Ina roƙon ku lura da jerin matakan, domin wanda ya fara daga ƙarshe zai wahala a banza.

Kafin komai an cire farfela, an zare batir. Injin lantarki ba ya gargaɗi. In hannu ya taɓa rimot da kuskure, farfela na iya yanke yatsa kafin mutum ya ƙifta ido.

Mataki na farko, girgiza ƙafa. Ƙafafun waya ce mai tauri irin ta sifirin, kaurinta milimita 4, kuma an ɗaure ta a jikin wani guntun katako da ke manne cikin cikin jirgin. Aka kama kowace ƙafa aka motsa ta gaba da baya. Ta dama ba ta motsa ba, ta hagu kuwa sai ga ta tana rawa, ashe gam ɗin katakon ya tsage ta gefe ɗaya. Duk awon da aka yi a kan ƙafa mai rawa ɓata lokaci ne, domin yanzu ka auna ka sami abu kaza, an jima ka sami wani. Aka kankare tsohon gam, aka sa irin mai kwalba biyu da ake gaurayawa, aka ɗaure, aka bar shi ya kwana.

Mataki na biyu, juya tayoyi. Aka ɗaga jirgin, aka kaɗa kowace taya da yatsa. Ta dama ta yi ta juyawa, ta hagu ta tsaya nan da nan. Zoben ƙarfen da ke riƙe ta ya matse ta, ga kuma ƙurar hunturu ta cika ramin. Tayar da ke cijewa birki ce a gefe ɗaya, kuma ko yaron da ke tura motar langalanga ya san motarsa can za ta nufa. Aka wanke, aka sa washa, aka bar tazara gwargwadon kaurin reza tsakanin zoben da tayar. Sa'an nan aka sa magagari aka ɗan shafe wuri guda a jikin wayar, inda ɗan sukurun zoben zai zauna daram, domin a kan waya mai santsi girgizar inji takan kwance shi, taya ta fice jirgi yana sama.

Mataki na uku, tsayin fikafikai. Aka ɗora jirgin a kan tebur lebur, da batirinsa a ciki domin ƙafafun su ɗauki cikakken nauyinsu, aka auna daga bakin kowane fiffike zuwa tebur. Na hagu ya gaza na dama da milimita 18. A nan na ga idon yaran ya buɗe. Tsakanin tayoyin biyu santimita 30 ne, faɗin fikafikai kuwa ya ninka wannan sau shida, saboda haka duk abin da ƙafa ta gaza da shi, bakin fiffike yakan nuna shi ninki shida. Su da kansu suka raba 18 gida shida, suka ce ƙafar hagu ta buɗe ta yi ƙasa da milimita 3. Abin da ido ba ya gani a ƙafa, fiffike ya tona shi.

Mataki na huɗu, awon zare. Aka kafa allura a tsakiyar jela, aka ɗaura zaren da ba ya miƙewa, aka ja shi zuwa ƙarshen sandar tayar dama aka yi alama, aka kai shi ta hagu. In ƙafafun daidai suke, alamar za ta faɗa wuri ɗaya. Tamu ta nuna ƙafar hagu ta koma baya da milimita 6. Milimita 6 a cikin santimita 30 ya ɗan haura digiri ɗaya, kuma karkatar hagu take kallo. Wani zai ce digiri ɗaya ai ba komai ba ne. To, digiri ɗaya yana kauce wa layi da kusan santimita 35 a gudun mita 20, wannan kuwa tun kafin nauyin baya ya fara nasa aikin.

Mataki na biyar, fuskar tayoyi, wato abin da direbobi ke kai motocinsu a yi musu in sun ga taya na cinyewa ta gefe ɗaya. Aka ja layin tsakiyar jirgin a kan takarda, daga hanci zuwa jela, aka jingina rula mai tsawon santimita 30 a kumatun kowace taya, aka duba ko rular tana tafiya daidai da layin. Tayar hagu waje take kallo. Mafi yawan masu harhaɗa irin waɗannan jirage sukan sa tayoyin su ɗan kalli ciki, digiri ɗaya zuwa biyu, domin in jirgi na gudu ƙasa takan ja ƙafafun waya baya ta ɗan buɗe su, ka ga ke nan sai su dawo kusan sak. Digiri ɗaya a rula mai santimita 30 shi ne kimanin milimita 5 tsakanin wannan baki da wancan. Amma abin da ya fi adadin muhimmanci shi ne na hagu da na dama su zo daidai wa daida.

Wajen lanƙwasa wayar akwai doka biyu. Ta farko, a kwance ƙafar daga jikin jirgi, a matse ta a bencin aiki, sa'an nan a tanƙwara. Wanda ya kama ta da filaya tana jikin jirgi, katakon ciki zai ɓalle. Ta biyu, kada a kai ta wuta. Ɗaya daga cikin yaran ya ce a kai wa mai walda ya gasa ta ta yi laushi. Lalle za ta yi laushi, amma taurin nan da ke sa ta dawo bayan ta lanƙwashe ya tafi ke nan, saukar farko za ta baje. A tanƙwara ta da sanyinta, kaɗan-kaɗan, a mayar, a auna, a sake cirewa. Sau biyar muka cire ta hagu muka mayar kafin awo uku ɗin nan, na fiffike da na zare da na rula, su yarda da juna, domin in ka gyara ɗaya yakan ɗan taɓa ɗayan.

Mataki na shida, ƙaramar tayar jela. Tana haɗe da allon jela, wanda ke juya jirgi dama da hagu in yana sama. Aka mayar da komai na rimot tsakiya, aka tabbatar allon ya miƙe, sa'an nan aka daidaita tayar da shi. A nan ne masu gaggawa ke faɗawa rami. In sun ga jirgi na yin hagu a ƙasa, sai su karkata allon jela dama ta rimot har ya bi layi. A ƙasa abin yakan yi kamar ya gyaru, amma da tayoyi sun rabu da ƙasa, karkataccen allon zai fizge jirgin dama. Ciwon ƙafa a ƙafa ake maganinsa.

Haka nan muka duba mazaunin ƙafafun. Cibiyar nauyin irin wannan jirgi takan kasance wajen kashi ɗaya bisa huɗu zuwa ɗaya bisa uku na faɗin fiffike, in an auno daga bakinsa na gaba. In an ɗaga jela jirgin ya kwanta lebur, sandar taya ya kamata ta faɗo kusan ƙarƙashin bakin fiffiken na gaba. In ta cika yin gaba, nauyin da ke baya ya ƙaru, katantanwa ta ƙaru. In ta cika yin baya, da taya ta ci karo da ɗan tudu sai jirgin ya kifa da hanci. Namu a wurinsa yake, ba mu taɓa shi ba.

Mataki na bakwai shi ne jarrabawa, kuma a cikin wannan zauren aka yi ta. Aka ja layin alli na mita 10 a kan siminti, aka tura jirgin da hannu, inji a kashe. Kafin gyara bai kai rabin layin ba ya bar shi. Bayan gyara ya kai ƙarshe bai kauce da faɗin tafin hannu ba. Dalilin kashe inji shi ne a raba laifin ƙafa da halin farfela. Farfelar da ke juyawa ta hannun dama, in ka tsaya a bayan jirgi, takan murɗa iskar da take turowa, iskar ta daki jela ta gefen hagu, hanci ya nemi hagu. Wannan hali ne na jirage masu irin wannan farfela, manya da ƙanana. Maganinsa a karkata injin dama da kamar digiri biyu tun wajen ɗaurawa, a riƙa ba da wuta sannu a hankali, matuƙi kuma ya ɗan taɓa allon jela dama yayin gudu. Wanda bai yi gwajin turawa da hannu ba, ba zai san wanne ne ke damunsa cikin biyun ba.

A Asabar ta biyu da yamma, bayan iska ta kwanta, jirgin ya yi gudu sak a filin ƙwallo, jela ta ɗaga, ya tashi. Ya kewaya filin sau uku ya sauka a kan ƙafafunsa. Shugaban Makaranta yana wurin, ga shi nan zaune, sai ku tambaye shi.

'Yan uwa, kun ga dai ba wani asiri a cikin wannan aiki. Duk abin da na faɗa, a ajujuwan nan da ke bayan zauren muka koye shi. Rabawa da ninkawa, awon kusurwa, cibiyar nauyi, riƙon magagari. Malaminmu na zanen fasaha, Allah ya jiƙansa, yakan mayar wa mutum da takardarsa saboda layi ya kauce da kaurin bakin fensir, mu kuwa muna ganin tsanani ne kawai. Waɗanda a cikinmu suka zama injiniyoyi da likitoci da magina sun san ranar da wannan tsanani ya yi musu. Ina ganin wasu abokaina na layin baya suna murmushi, waɗanda in an kaɗa ƙararrawar darasin lissafi sai ciwon ciki ya taso musu. Ku ma ba ku tsira ba, domin na ji yanzu ku ne masu ƙirga kuɗin ƙungiya.

Abin da ya dame ni shi ne, yaran nan huɗu sun san duk ƙa'idojin a takarda. Da na tambaye su mece ce cibiyar nauyi, sun karanto mini ma'anarta ba gargada. Amma ba wanda ya taɓa sa yatsu biyu a ƙarƙashin fiffike ya nemo ta. Ɗakin koyon sana'a da muka sani, mai benci goma sha biyu, yau benci biyu ne ke tsaye a cikinsa, kuma sukwayar da muka yi aiki da ita aro muka yi daga wani kafinta a bakin kasuwa. Laifin ba na malamansu ba ne. Malami ba ya koyar da riƙon kayan aikin da babu shi. Kwalejin koyon aikin jiragen sama da ke Zariya, wadda aka kafa a 1964, tana horar da matuƙa da injiniyoyin gyaran jirage, kuma yaron da ya taɓa bin karkatar milimita 3 har ya kamo ta, ya riga ya ɗanɗani irin aikin da ake yi a can. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Saboda haka roƙona ga wannan zama uku ne. Na ɗaya, a bar wa Kulob ɗin Kimiyya kasonsa. Na biyu, kuɗin da aka yi niyyar sayen sabon inji da shi a karkata shi wajen kayan awo da na aikin hannu, rula ta ƙarfe da sukwaya da magagari da filaya, a kuma gyara ko da benci huɗu ne. Na uku, kuma shi ya fi tsada, duk wanda ke da sana'ar hannu a cikinmu, makaniki ne ko mai aikin lantarki ko injiniya ko kafinta, ya ba makarantar nan Asabar ɗaya a kowane zango. Sakatare yana da takarda, na riga na rubuta sunana a layin farko.